Yadda Za Ka Gyara Layin Fetur da Man Kulocin Tsohuwar Fijo 504

Motar ta mahaifina ce, Fijo 504 salun, cikin waɗanda aka haɗa a Kakuri da ke Kaduna. Bayan rasuwarsa ta shekara huɗu a gindin darbejiyar ƙofar gida, har kaji suka mayar da ƙarƙashinta akurki. Ranar da na ɗaura mata sabon batir na murɗa makulli, inji ya juya lafiya lau amma ya ƙi kamawa. Na taka kuloci, feda ta tafi ƙasa ta kwanta, sai da na sa yatsan ƙafa na ɗago ta. Matsala biyu ke nan a rana ɗaya, kuma su ne suka fi kama duk tsohuwar motar da aka ajiye: fetur ba ya zuwa inda ya kamata, man kuloci kuma ya tsere.

An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, masana'antar Kaduna ta fara aiki a 1975, kuma an ci gaba da haɗa motar a nan har bayan shekarar 2000, shekaru da yawa bayan Turawa sun daina yin ta. Shi ya sa har yau in ka shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ba za ka rasa kayanta ba. Abin da zan bayyana ya shafi mai injin fetur na 1971cc da kafireta, amma yawancinsa zai yi maka aiki a 505 da sauran tsofaffin motoci masu kafireta da kulocin mai.

Ƙa'idar aikin ɗaya ce: bi ruwan daga inda ya taso. Fetur daga tanki yake tasowa, man kuloci daga kofinsa. Mutanenmu da zarar mota ta yi tari sai a ce kafireta ce, a kwance ta, a busa, a mayar. Kwana uku ta sake tari, domin dattin da aka fitar yana da 'yan'uwa cike da tanki.

Kafin ka taɓa komai

Yi aikin a fili, inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu, janareta da mai shan sigari. Cire kan batir na nagatif tukuna. Ajiye bokitin yashi ko abin kashe gobara kusa da hannu. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi. In za ka shiga ƙarƙashin mota kada ka yarda da jak shi kaɗai, sa mata matokara ta ƙarfe ko kututture mai ƙwari, ka dannanne tayoyi da dutse. Kuma ka bar zuƙar fetur da baki. Na san kowa yana yi, amma kurɓi ɗaya in ya faɗa huhu asibiti ne.

Tanadi sifanu daga lamba 8 zuwa 17, sukundireba mai faɗi da mai gicciye, filaya, jarka mai murfi, kwalba fara da ake ganin cikinta, tiyo siriri mai haske kamar rabin mita, babban sirinji irin na masu dabbobi, da tsummoki masu tsabta. Ɗauki hoto da waya kafin ka kwance kowane abu. Tiyo huɗu ne ko biyar a jikin kafireta, kuma bayan awa uku duk kamarsu ɗaya.

Tanki

Buɗe murfin ka shinshina. Fetur mai kyau yana da kaifin wari. Wanda ya tsufa yana warin fenti, launinsa ya koma kamar shayin da ya kwana. Irin wannan ba ya kama wuta sosai, kuma yana barin danƙo mai toshe komai. Tsiyaye shi duka, ta notin ƙasa in tankinka yana da shi, ko ta tiyon da ke fita. Zuba kaɗan a farar kwalba ka bar shi minti goma. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka ga ya kwanta a ƙasa kamar ɗigon mai a miya, tsatsa kuma ta zauna ja-ja-ja.

Daga ina ruwan yake zuwa? Wani daga jarkar 'yan bumburutu, wani daga murfin da robarsa ta mutu, wani kuma raɓa ce. Tankin da kullum yake kusan fanko yana cike da iska, iskar ta yi gumi a jikin ƙarfe da dare, gumin ya gangara ƙasa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutane da yawa suka koma sayen lita uku lita biyar, kuma tsofaffin tankuna suna biyan kuɗin wannan. Masu mota ba su manta da gurɓataccen fetur mai yawan metanol da ya shigo ƙasar a Fabrairun 2022 ba. Irin wannan yana jan ruwa, yana kuma cin tsohuwar roba.

In ka ga tsatsa da yawa, sauke tankin. Cire wayar gejin mai, tiyon zubawa da na fita, sannan notukan da suka riƙe shi, wani ya tallafa maka. Cire na'urar geji mai ɗan balo, wato abin da ke yawo a saman mai, a hankali, kada ka lanƙwasa sandarta. Zuba kananzir lita biyu da notuka kamar ashirin, ku jijjiga ku biyu ta kowace fuska har hannu ya gaji, zubar, sake yi har abin da ke fita ya daina ja. Ƙirga notukan kafin ka zuba, ka ƙirga bayan ka fitar. Ni sai da na ji ƙwaram-ƙwaram a kwanar farko sannan na san saura ɗaya. Ɗauraye da fetur mai tsabta kaɗan, ka shanya a rana ya bushe ƙarau.

In tankin ya ɓule, canja shi. Goga sabulun wanki a ɓula dabarar hanya ce, za ta kai ka gari na gaba, ba ta wuce nan. Walda kuwa kada ma ka fara. Tankin da babu ɗigon mai a cikinsa ya fi cikakke haɗari, domin tururin ne yake fashewa.

Duba numfashin tanki kafin ka bar wajen. Yayin da fetur ke fita dole iska ta shiga ta maye gurbinsa, ta ɗan ramin murfi ko ta siririn tiyo. In hanyar ta toshe, kuma zanzaro yana son gina gidansa a bakin irin wannan tiyo, mota za ta yi tafiyar minti ashirin ta mutu, ka buɗe murfi ka ji fuuu, ta tashi kamar ba ita ba. An sha canja famfo da kwayil a kan wannan.

Bututu, tiyo da filta

Bi bututun daga baya zuwa gaba da ido da hannu. Nemi inda dutse ya matse shi, inda ya jiƙe, inda tsatsa ta ci shi a ƙarƙashin maɗauri. Cire shi a ƙarshen biyu ka hura iska da famfon taya daga gaba zuwa baya, wani ya riƙe farin tsumma a ɗaya bakin ku ga abin da zai fito.

Duk tiyon roba da ke layin, canja shi, ko da ka ga kamar yana da sauran rai. Roba tana mutuwa daga ciki. Wanda ke tsakanin tanki da famfo shi ne munafuki: in ya tsage ba ya zubar da mai ka gani, iska yake zuƙa, famfo ya yi ta bugun banza. Sayi tiyon fetur na ainihi, wanda aka rubuta SAE J30 a jikinsa, R7 ya isa kafireta, R9 ya fi jure fetur mai gauraye. Yanki guntun tsohon ka tafi da shi kasuwa don faɗin ya zo daidai. Farin tiyon leburori na awon ruwa yana taurare cikin wata biyu, ranar da zai zame a kan inji mai zafi ba zai yi sallama ba. Sa kilif mai sukuru a kowace mahaɗa, ba wayar ɗaure rodi ba.

Sa sabuwar filta kafin famfo, irin ta roba mai haske da za ka riƙa leƙa cikinta. Akwai kibiya a jikinta, ta kalli wajen inji. Bayan wanke tanki sayi biyu, ta farkon ba za ta daɗe ba.

Famfon fetur

Na 504 na inji ne, yana manne a gefen bulo, kamshaf ke motsa shi. A cikinsa akwai fata mai lanƙwasa da 'yan bawuloli biyu, ɗaya na shiga ɗaya na fita. Gwajinsa ba shi da wuya. Zuba lita biyar na sabon fetur a tanki, mayar da kan batir, cire ƙaramar wayar da ke kai wa kwayil wuta ka naɗe bakinta don kada a sami tartsatsi. Cire tiyon da ke shiga kafireta ka sa shi cikin kwalba, wani ya juya inji daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar. Layin da yake fanko zai ɗauki juyi biyu ko uku kafin mai ya iso. Lafiyayyen famfo yana tofo mai da ƙarfi, tsut-tsut-tsut, daidai da juyin inji. In ɗigo yake yi ko kumfa, sa tiyon shigarsa kai tsaye cikin jarka ka sake gwadawa. Ya buga da kyau, laifin yana baya, a bututu ko tanki. Bai buga ba, shi ne.

Zaro sandar awon baƙin mai ka shinshina. In ka ji warin fetur, ko ka ga mai ya haura alama ya yi ruwa-ruwa, fatar famfo ta yage tana zuba fetur cikin inji. Canja famfon, ka juye baƙin man a ranar, in ba haka ba metal, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu, shi ne zai biya. Wajen ɗaura sabo, mayar da ɗan katakon roba mai kauri da ke tsakaninsa da bulo tare da gasket ɗinsa. Yana hana zafi shiga famfo, kuma kaurinsa ne ke daidaita ƙarfin bugun.

Wasu suna komawa famfon lantarki. Ba laifi, amma kafireta ƙarfi kaɗan take so, wajen 0.2 zuwa 0.3 a ma'aunin matsi da ake kira "bar". Famfon motar injekta yana bayar da kusan 3, ninki goma, zai ture allurar kafireta mai ya yi ambaliya. A ɗaura shi kusa da tanki, da fis da rile, a haɗa shi yadda zai mutu da zarar an kashe makulli. In kuma motarka tana da layin da ke mayar da rarar mai tanki, kada ka bari a toshe shi da noti. Zagayawar nan ce ke sanyaya fetur a zafin Afrilu, lokacin da mota ke mutuwa a cunkoso ta ƙi tashi sai an jiƙa tsumma an ɗora wa famfo.

Kafireta, a ƙarshe

Yanzu da mai mai tsabta yake zuwa da ƙarfinsa, ka isa ka taɓa ta. Yawancin masu injin nan Solex ce mai maƙogwaro biyu: na farko yana aiki kullum, na biyu sai ka taka totur sosai yake buɗewa. Sauke ta, toshe bakin manifol, wato inda take zaune a kan inji, da tsumma, ka kai ta kan tire mai tsabta a inuwa. Ba a kwance kafireta a kan ƙasa.

Kafin ka cire sukurun daidaita mai na sulo, wato aikin inji ba a taka totur ba, murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga juyi har ya zauna, ka rubuta adadin. A hankali na ce. Bakinsa kamar allura yake, in ka matse shi ya lalace. Buɗe murfin sama. Za ka ga kwanon mai, balo, da allurar da ke rufe hanya in kwano ya cika. Girgiza balon kusa da kunne, in ka ji ruwa a ciki ya ɓule. Dubi bakin allura, in ya yi zobe kamar an ɗaure shi da zare, canja. Waɗannan biyu su ne tushen ambaliya, baƙin hayaƙi da shan mai. Kaurin wasar da ke ƙarƙashin mazaunin allura yana cikin abin da ke tsayar da tsayin mai a kwano, don haka mayar da irin wadda ka tarar.

Cire jet, wato 'yan tagullan nan masu ramin auna mai, ɗaya bayan ɗaya, na maƙogwaron farko a murfin kwalba ɗaya, na biyu a wani. Lambobinsu sun bambanta, in ka musanya mota za ta tashi amma ba za ta ƙara daɗi ba. Jiƙa su a maganin wanke kafireta, hura iska, ɗaga su sama ka ga haske zagaye ta ramin. Kada ka zura waya ko allurar ɗinki. Ramin an auna shi da kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, tagulla kuma taushi gare ta, sau ɗaya ka sosa ka buɗa shi har abada. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa da ya sa rabin Fijon garin nan suke shan mai kamar raƙumi. In dole ne, gashin buroshi na roba ya isa.

Jet ɗin sulo shi ya fi ƙanƙanta, shi ya fi toshewa. Alamarsa mota ta yi gudu lafiya amma ta mutu da ka ɗaga ƙafa. In taka tana da ɗan bawul na lantarki a wajen, kunna makulli ka taɓa masa wayarsa, ya kamata ka ji ƙyas. Sai ƙaramin famfon totur: in kwano da mai, ka motsa totur ka leƙa maƙogwaro, za ka ga tsirin fetur siriri ya harba. Babu tsiri, mota za ta riƙa shaƙewa in ka taka kafin ta ɗauka.

Ɗora rula ta ƙarfe a gindin kafireta ka duba ko haske na wucewa. Masu matse noti da dukan ƙarfinsu suna lanƙwasa gindin, iska ta riƙa sata ta nan, kuma babu daidaitawar da za ta zauna. Girgiza sandar totur ma, in tana rawa sosai ita ma ɓarauniyar iska ce. Haɗa da sababbin gasket, ba gam ba, domin fetur yana narkar da gam ya kai shi cikin jet.

Mayar da ita, ɗaure notuka gicciye kaɗan-kaɗan. Wanke ko canja filtar iska. In irin mai kwanon baƙin mai ce, zubar da laka, zuba sabon mai daidai alama. Wanda ya yi hunturu ɗaya a Arewa ya san abin da ƙura ke yi. Ta da inji, kuma kada kowa ya tsaya yana tsiyaya fetur a maƙogwaro ana juyawa, wuta tana dawowa ta nan ta kama hannu. Bari ya yi zafi sosai, cok, wato marfin da ke rage iska in inji na da sanyi, ya buɗe gaba ɗaya. Sa sukurun mai inda ka ƙirga, saita sulo wajen juyi 800 zuwa 900 a minti, sannan murɗa sukurun mai rubu'i-rubu'i ciki ko waje har ka sami inda inji ya fi sauri da santsi, ka rage sulo ya dawo daidai. In ka murɗa babu abin da ya canja, akwai toshiya ko satar iska da ka bari. Kuma in kwantak da tayimin, masu tsara lokacin da wuta ke zuwa fulogi, ba daidai suke ba, gyara su tukuna, kafireta ba ta rufa musu asiri.

Kuloci: gane laifin kafin a sauke giya

Tsarin gajere ne. Feda tana tura fistin a kulocin sama, mai ya bi bututu da tiyo zuwa kulocin ƙasa da ke jikin giya, shi kuma ya tura cokalin da ke danna boris, wato zoben ƙarfe mai juyawa, ya saki faifan kuloci. Gane ko laifin na mai ne ko na faifai yana da muhimmanci a 504 fiye da wasu motoci, domin farfelarta a cikin bututu take, sauke giya ba aikin awa ɗaya ba ne.

In inji a kashe giya tana shiga sumul, in an kunna ta riƙa ƙara musamman ribas, kuloci ba ya saki. Taka feda da sauri sau biyar ka sake gwadawa: ta shiga, to iska ce ko roba, ba faifai ba. In ka riƙe feda a ƙasa da giya ɗaya, bayan ɗan lokaci mota ta fara jan jiki da kanta, robar kulocin sama tana barin mai ya koma baya. Wannan ba ya zuba a waje, kofi yana nan cike, shi ya sa yake ruɗa mutane. Amma in inji yana ihu a hawan tudu mota ba ta gaba, da warin ƙauri, wannan yawanci faifai ne ya cinye.

Dubi kofin mai. A wasu 504 kuloci yana da kofinsa, a wasu yana sha daga na birki ta wani tiyo da ke ɗan sama a jikin kofin, yadda in kuloci ya yi yoyo ba zai shanye na birki ba. Sa hannu saman feda ta cikin mota, ka taɓa kafet. Jiƙa a nan, na sama ne. Shiga ƙasa ka ɗaga robar ƙurar da ke bakin na ƙasa, in mai ya zubo, shi ne. Sa wani ya taka kana kallo: sandar ta tura cokali da kyau, tiyo kuma kada ya kumbura. Dubi cokalin kansa da tocila, domin a tsofaffin Fijo yakan cinye ko ya tsage a inda sanda ke tura shi ko inda yake juyawa. In na ƙasa yana turawa sosai amma kuloci bai saki ba, can ciki matsalar take.

Shawarata: in ɗaya ya mutu, gyara biyun tare. Shekarunsu ɗaya, mai ɗaya suka sha. Na gyara na ƙasa kaɗai don tsimi, sati biyu na sama ya sallama a tsakiyar kasuwa ranar Juma'a, masu Keke suna ta yi mini hon. Tsohon bakaniken da ya taimake ni ya leƙa kofi, ya dangwala yatsa ya murza, ya ce, "Ɗana, wa ya zuba maka wannan?" Na ce ban sani ba, Baba, haka na gaje ta. Ashe an taɓa ƙara mata man giya.

Man da ya dace shi ne man birki DOT 3 ko DOT 4, daga sabuwar roba da ba a fasa ba. Baƙin mai, man giya, man siteri da koren man Citroën duk daga ɗanyen mai suke, suna kumbura robobin cikin kwanaki. Ruwan omo da direbobi ke zubawa a daji yana iya kawo ka gida, amma tsatsa yake shukawa, a wanke shi a ranar. Shi kansa man birki yana shan laima daga iska: sabon DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai digiri 230 a ma'aunin Salshiyas, wanda ya sha ruwa yana sauka wajen 155. Shi ya sa ake juye shi duk shekara biyu. Yana kuma cin fenti, in ya ɗiga a jikin mota wanke da ruwa nan take.

Kwancewa da haɗawa

Zuƙe man kofi da sirinji. Fesa maganin tsatsa a notukan bututu tun daren jiya, ka kama su da sifana da ta zauna cif. Filaya tana murje kansu, in bututun ya murɗe kuma ka ƙara wa kanka aiki. Na ƙasa a 504 zoben ƙarfe ne ke riƙe shi a jikin gidan kuloci, cire zoben ya zamo. Daga nan kada kowa ya taka feda, fistin zai harbo waje. Na sama kuwa cire fil ɗin da ya haɗa sandarsa da feda, bututu, tiyon kofi, da notuka biyu.

A kan tebur, cire robar ƙura da zoben baki, fistin da sifirin su fito. In ya maƙale, buga bakin a kan katako. Jera komai yadda ya fito. Wanke da sabon man birki ko sifirit kawai. Fetur da kananzir haramun ne a nan. Haska cikin silinda, bi da yatsa. Ɗan dusashe za ka iya goge shi da takardar yashi mafi laushi jiƙe da man birki. Amma rami-rami ko zane da farce ke kamawa, sabuwar roba ba za ta yi wata ɗaya ba, sayi silindar gaba ɗaya. Na Beljiyam mai lafiyayyen ciki da sabuwar roba yakan fi sabon jabu.

Jiƙa sababbin robobi a man birki, sa su da yatsu ba da sukundireba ba, leɓensu yana kallon ciki, wajen da mai ke matsowa. A na sama akwai ɗan rami kamar bakin allura da ke mayar da mai kofi in ka saki feda, tabbatar a buɗe yake. In ya toshe, ko sanda ta yi tsawo ba ta barin fistin ya dawo ƙarshe, mai zai kasance a matse, kuloci ya riƙa sulɓi in ya yi zafi, ka zargi faifai a banza. Feda tana bukatar ɗan wasa na milimita kaɗan a sama kafin ta fara tura fistin. Canja tiyon roba ma in ya tsattsage ko ya yi laushi.

Fitar da iska

Nan ne 504 take gwada haƙurin mutum. Hanyar da aka saba: cika kofi, sa siririn tiyo a ɗan notin fitar da iska na ƙasa, ɗaya bakin cikin kwalba mai ɗan mai. Abokin aikinka ya taka a hankali ya riƙe, ka buɗe noti rubu'in juyi, mai da kumfa su fita, ka rufe, sannan ya ɗaga. Rufewa kafin ɗagawa, kullum. Feda za ta riƙa kwanciya, ya ɗago ta da hannu. Duba kofi bayan kowane taku huɗu, in ya ƙafe kun koma farko.

Sau da yawa za ku yi awa guda feda tana nan kamar soso. Dalili kuwa iska sama take son tafiya, ku kuma kuna tura ta ƙasa. Sai a juya dabarar. Rage man kofi, cika sirinji da sabon mai, kore iskar cikinsa da ta tiyon, haɗa da notin ƙasa, buɗe noti, ka tura a hankali, feda tana sama ba mai taɓa ta. Wanda ke kallon kofi zai ga kumfa na ɓulɓulowa. Ci gaba har ta daina, kana rage kofi kada ya malala, ka rufe noti kafin ka saki sirinji. Tsofaffin masu Fijo suna yin wannan da birkin gaba: tiyo daga notin iskar birki zuwa na kuloci, a buɗe biyun, a riƙa taka birki a hankali. Yana aiki, amma sai man birkin yana da tsabta, kuma a duba birki da kyau bayan an gama.

In ta ɗan rage laushi, danne feda da sanda ka bar ta ta kwana, da safe ka sake ta a hankali ka taka sau ashirin.

Gwaji: inji yana sulo, taka kuloci, ƙirga uku, sa ribas. Ta shiga shiru, kuma mota ta fara kamawa wajen tsakiyar feda, aiki ya yi. Zaga unguwa tukuna, ka dawo ka bar inji yana aiki, bi kowace mahaɗar fetur da busasshen yatsa, sannan ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana. Da safe dubi kwalin da kofin mai. Bayan kilomita ɗari ƙara matse kilif-kilif, domin sabon tiyo yana zama, leƙa filta ka canja ta in ta yi ja, ka zaro fulogi ɗaya: ruwan ƙasa-ƙasa daidai ne, baƙin gawayi mai ya yi yawa, fari fat kuma iska na sata ta wani wuri.